Darasin Judo Ga Kokawar Ƙasar Gumel

Idan kaka ta yi a ƙasar Gumel, aka yanke gero aka kai dammuna rumbu, aka kaɗe riɗi aka tsinke zoɓo, abin da ya saba biyo baya tun zamanin kakanni shi ne kiɗan kokawa. Da farin wata ya haska sai samarin wannan gari su ɗunguma zuwa wancan, makaɗa na gaba, a kafa da'ira a kan rairayi, a yi ta kaye har dare ya raba. Ba a daina ba har yau, amma dattawan ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar sun san filin ya ragu ƙwarai. Gidan kallon ƙwallo ya janye samari, ci-rani kuma ya kwashe saura. Yara ƙanana kuwa abin da suke kwaikwayo a bayan makaranta shi ne faɗan da suke gani cikin finafinan ƙasashen gabas, wanda suke yi wa kuɗin goro su kira shi duka kareti. To, a cikin wasannin nan na gabas akwai guda ɗaya wanda ya kamata hukumomin ilmi na Jihar Jigawa da Masarautar Gumel su san tarihinsa sosai, watau judo na ƙasar Japan. Dalili kuwa shi ne, tushen da ya fito daga ciki ya taɓa kai wa gargarar mutuwa, irin halin da kokawa take neman shiga yanzu, kuma wanda ya cece shi malamin makaranta ne.

Sunan malamin nan Jigoro Kano. Dacewa ce kawai sunansa ya zo ɗaya da na birnin Dabo, babu wata dangantaka. An haife shi a 1860, ya kuma tashi a daidai lokacin da ƙasarsu ta shiga wani babban juyi. A 1868 aka rushe mulkin sarakunan yaƙi aka mayar da iko hannun Sarki Meiji, a 1876 kuma aka hana jarumawan gado, waɗanda ake kira samurai, yawo da takobi. Su waɗannan jarumawa suna da dabarun faɗa da hannu da ake kira jujutsu, gida-gida, kowane gida da sirrinsa da naɗaɗɗun takardunsa waɗanda ba a nuna wa bare. Da hankalin jama'a ya koma ga ilmin Turawa sai aka riƙa kallon jujutsu a matsayin abin da, wanda bai dace da mutumin kirki ba. Malamansa suka rasa almajirai. Waɗansu suka koma nuna wasan a bainar jama'a don neman abin sawa a baka, waɗansu kuma suka kama sana'ar ɗori, da yake wanda ya san yadda ƙashi ke gocewa ya san yadda ake mayar da shi.

Jigoro Kano ɗan ƙanƙanen mutum ne, nauyinsa yana saurayi bai kai kilo 45 ba, kuma manyan yara sun sha cin zalinsa a makaranta. Wannan ne ya sa ya shiga neman mai koya masa jujutsu, ya yi ta bin ɗakunan masu ɗori yana tambaya, har a 1877 ya sami wani mai ɗori ana ce da shi Fukuda Hachinosuke ya karɓe shi. Shekara biyu kacal suka yi tare, Fukuda ya rasu a 1879, iyalinsa suka danƙa wa saurayin takardun gidan. Ya ci gaba da karatu wurin waɗansu malamai biyu, Iso Masatomo da Iikubo Tsunetoshi, yana haɗawa da karatun Jami'ar Tokyo wanda ya gama a 1881. A 1882 ya sami aron ɗaki a wani gidan ibada mai suna Eishoji a birnin Tokyo, ɗakin da bai wuce faɗin tabarmi 12 irin nasu ba, ya buɗe makaranta da almajirai tara. Ya sa mata suna Kodokan, ya kuma canja wa fannin suna daga jujutsu zuwa judo. Kalmar "ju" tana nufin taushi ko sassauci, "jutsu" dabara ce kawai, "do" kuwa hanya ce, watau tafarkin da mutum zai bi ya gyara jikinsa da halinsa.

Abin da ya yi cikin wannan ɗaki shi ne abin lura. Ya zauna ya tantance dabarun da ya gada, ya raba su gida biyu. Waɗanda ba a iya gwada su da ƙarfi sai an raunata mutum, kamar naushi a maƙogwaro da tsokane ido da duka a wuraren kisa, ya cire su daga karawa, ya ajiye su cikin wani tsararren nuni da mutum biyu ke yi a hankali, kowa ya san abin da zai zo. Sauran kuwa, watau kaye da danniya da shaƙa da murɗa gwiwar hannu, ya bar su a yi su da iyakar ƙarfi cikin karawa ta yau da kullum da suke kira randori, bisa sharaɗin cewa wanda ya ji wuya ya buga tabarma da hannu, nan take a sake shi. Masu jujutsu na da sun ɗauka ya rage wa abin kaifi. Alhali kuwa akasin haka ya faru, domin almajirin da yake kokawa ta gaske kullum ba tare da an karya shi ba ya fi wanda ya haddace dabarar kisa da bai taɓa gwadawa ba.

Daɗin daɗawa, darasin farko a makarantarsa shi ne faɗuwa. Kafin a koya wa yaro yadda zai ka da wani, sai ya ɗauki lokaci yana koyon yadda zai sha ƙasa: ya maƙale haɓa a ƙirji kada ƙeya ta bugu, ya dunƙule baya, ya daki tabarma da tsawon hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse, kada kuma ya kuskura ya dafa ƙasa da tafin hannu, wanda shi ne ke karya wuyan hannu da gwiwarsa. Suna kiran wannan ukemi. Bayan haka ake shiga sirrin kaye kansa, wanda ya bayyana shi da cewa ba a ɗaukar mutum yana tsaye daram. Sai an ja shi ko an tura shi har nauyinsa ya koma kan dunduniya ko kan yatsu, sa'an nan a shiga ƙarƙashinsa ko a share ƙafar da ta ɗauki nauyin. In ya turo a ja, in ya ja a tura. Kowane tsohon ɗan kokawa na Maigatari ya san wannan a jikinsa, ko da bai taɓa faɗinsa da baki ba. Bambancin shi ne Jigoro Kano ya faɗa, ya rubuta, ya ba kowane kaye suna. A 1895 makarantar Kodokan ta jera dabarun kaye cikin rukuni biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a 1920 aka sake tace su suka tsaya a kan 40. Tun 1883 kuma ya ƙirƙiro matakan girma da ake hawa, waɗanda daga baya aka riƙa nuna su da baƙar ɗamara, abin da kareti da sauran wasanni suka ara daga gare shi.

Amma duk wannan da ya tsaya a ɗaki guda in ba don aikin da mutumin yake yi da rana ba. Daga 1893 har zuwa 1920, in ban da ɗan tsaiko a tsakani, shi ne shugaban babbar makarantar horon malamai ta Tokyo. Ɗaliban da suka bi ta hannunsa sun watsu cikin lardunan ƙasar suna koyar da lissafi da tarihi, suna kuma ɗauke da judo. A 1911 Gwamnatin Japan ta yarda a sa shi cikin darussan makarantun sakandare. Ta wannan ƙofa ce ya shiga kowane gari.

Labarin yadda ya fita duniya gajere ne. A 1909 Jigoro Kano ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik, ya kuma rasu a 1938 cikin jirgin ruwa yana komowa daga taron kwamitin da aka yi a Alƙahira. An kafa ƙungiyar judo ta duniya a 1951, aka yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 1956. Da aka shigar da shi Olamfik a 1964, a birnin Tokyo ɗin dai, wani mutumin Holan mai suna Anton Geesink ya danne gwanin Japan Akio Kaminaga a ajin da ba a duba nauyi. Japanawa sun ji zafin abin, amma shi ne shaidar cewa abin da aka tsara aka rubuta, bare ma yana iya koyonsa har ya fi mai shi. Afirka ma ta taɓa kai wa ƙarshe: a Los Angeles a 1984 Muhammad Ali Rashwan na Masar ya kara da Yasuhiro Yamashita, wanda ya shigo fili yana ɗingishi saboda ciwon da ya ji a sha-raɓar dama. Rashwan ya sha kaye ya karɓi azurfa, aka kuma ba shi lambar yabo ta wasa da mutunci bisa cewa bai mayar da ƙafar mai ciwo abin hari ba.

To, ina ruwan ƙasar Gumel da wannan? Mai gaggawa zai ce a sayo tabarmin roba da fararen riguna masu kauri a buɗe kulob a Gumel. Babu laifi in wani mai hali ya yi haka, amma ba zai kai ƙauye ba, domin kayan suna da tsada, malaman kuma sai an ɗauko su daga nesa. Abin da ya fi dacewa a ɗauka shi ne hanyar da malamin nan ya bi, a bi ta da kokawa. Ƙasar Lautai tana da abin da Jigoro Kano ya sha wahalar nema. Akwai tsofaffin 'yan kokawa da suka san taɗiya da harɗe ƙafa da sunkuta da yadda ake kuɓucewa daga kowannensu. Akwai rairayi mai laushi kyauta, wanda ya fi kowace tabarma. Akwai kuma kwalejin horon malamai ta jiha a cikin garin Gumel kanta, wadda ɗalibanta ke komawa makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da sauran sassan Jigawa. Darasin motsa jiki kuwa da ma yana cikin manhajar makarantu, sai dai sau da yawa abin da ake yi da lokacinsa shi ne a jefa wa yara ƙwallo malam ya koma inuwa.

Ba sai an je Japan ba kafin a ga cewa kokawa tana karɓar tsari. A tsallaken iyakar Maigatari, Gwamnatin Nijar a zamanin Seyni Kountché ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Tun daga nan aka gina filayen kokawa a manyan biranen jihohi, aka sa alƙalai da iyakar lokaci, gasar tana zagayawa daga Damagaram zuwa Doso zuwa Agadas, wanda ya yi nasara ya ɗauki takobi. Yau ɗan kokawa a Nijar mutum ne mai daraja, ana sanin sunansa a kowane gida mai rediyo. Sai dai abin da Nijar ta gina gasa ce ta manyan ƙarti, wadda ke ɗaukaka 'yan kaɗan da Allah ya ba ƙira, sauran jama'a kuwa 'yan kallo ne. Hanyar judo ta fara ne daga yaro mai rauni, irin wanda ake ci wa zali, kuma ita ce ta fi dacewa da makaranta.

Kamata ya yi kwalejin ta Gumel, da goyon bayan Ma'aikatar Ilmi da Majalisar Masarauta, ta gayyato tsofaffin 'yan kokawa na ƙananan hukumomin nan huɗu, ta zaunar da su a matsayin malamai, ta biya su kamar yadda ake biyan duk wani masani da aka ɗauko. A ɗauki hoton kowane kamu da kowane kaye, a rubuta sunansa yadda su suke faɗinsa, in sunan Gagarawa ya saɓa da na Maigatari a rubuta duka biyu. Sa'an nan a zauna da ma'aikatan lafiya a ware waɗanda ke sauke mutum a kan kai ko wuya, a hana su ga yara. Wannan tacewa ba a gama ta rana ɗaya. A judo ma sai da aka karya wa Yamashita ƙafa a 1980 da wata dabara mai kama da almakashi kafin a haramta ta. A raba yara bisa shekaru da nauyi, kuma sikelin da ake auna buhun riɗi ya isa wannan aiki. Abin da kokawa ba ta da shi sam, wanda tilas a aro, shi ne darasin faɗuwa. A wurare da yawa da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kaye, saboda haka ɗan kokawa yakan ƙi faɗuwa har sai an maka shi, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda zai sauka. A kan rairayin bayan gari abin yakan zo da sauƙi. A kan faƙon filin makaranta kuwa haɗari ne babba.

A nan ne ya wajaba a yi gargaɗi, domin tarihin judo yana da shafin da ba shi da daɗin karantawa. Wani malamin Jami'ar Nagoya mai suna Ryo Uchida ya tattara bayanan haɗurran makarantu, ya gano cewa daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai fiye da 100 ne suka mutu a Japan wajen wasan judo, akasarinsu saboda bugun kai, kuma da yawansu sababbin shiga ne da aka haɗa da waɗanda suka fi su ƙarfi tun ba su iya faɗuwa ba. Iyayen yaran sai da suka kafa ƙungiya a 2010 kafin a saurare su. Watau a ƙasar da aka haifi wasan, an sami masu koyarwa da suka riƙe kaye suka yar da darasin farko. Faransa kuwa, wadda masu judonta suka ninka na Japan yawa a yau, tun 1955 ta kafa doka cewa ba mai koyar da judo don kuɗi sai da takardar shaidar Gwamnati. Saboda haka duk wanda zai ce a aika takarda ga shugabannin makarantu a umarce su su fara kokawa ranar Litinin, gara ya bar abin yadda yake. Malami da farko, sa'an nan yaro. Dambe kuwa, duk da farin jininsa a gidajen wasa na Kano da Abuja, duk da sunan da Shago ya bari, ba shi da wuri a makarantar yara, domin manufarsa tun asali ita ce a daki kai har mutum ya faɗi.

Za a sami iyaye da malaman addini da za su ɗaga gira, kuma suna da hujja. Filin kokawa ya daɗe da haɗuwa da guru da laya da surkulle, da caca a gefe, da fitar dare. Amma waɗannan kaya ne da aka ɗora wa wasan, ana kuma iya sauke su, kamar yadda Jigoro Kano ya sauke wa jujutsu suna marar kyau da ya same shi da shi. Ita kokawar kanta malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta da Rukana ya kuma ka da shi. Har ma a iya cewa ta wannan fuska ta fi judo sauƙin karɓuwa a ƙasar Musulmi, da yake ba ta da al'adar rusunawa ga abokin karawa da ga filin wasa wadda wasu ke ƙyama. A yi ta da rana, a cikin sutura, gaban malami, ba guru ba kuɗi.

Akwai kuma abin da ba a so a kwaikwaya. Judo ya zama wasa na shiru, mai alƙali da agogo da maki, kuma shi kansa wanda ya ƙirƙiro shi bai ɗoki ganin an mayar da shi abin neman lambobi ba. A shekarun yaƙi ma sojojin Japan sun mayar da shi kayan horon mayaƙa, har ta kai ga an hana shi a makarantu a 1945, bai komo ba sai 1950. Kokawar ƙasar Hausa kuwa rabinta kiɗa ne da kirari. Yaron da ya ji makaɗi ya ambaci sunan kakansa da sunan ƙauyensu ya san akwai abin da yake wakilta, ya kuma san in ya yi rashin kunya a fili ba shi kaɗai ya ji kunya ba. In aka kori makaɗa don a ce an waye, an zubar da abin da zai sa uba ya bar aikinsa ya zo kallon ɗansa. Gasar makarantun ƙananan hukumomin huɗu, in an kai ga yin ta, a yi ta da kaka, a gaban hakimai da dagatai, da ganga.

Wanda bai kamata a jinkirta ba shi ne aikin tattarawa. Fukuda da ya rasu ya bar takardu, shi ya sa saurayin da ya yi shekara biyu kawai a gabansa ya sami abin ɗorawa. Tsohon ɗan kokawar ƙauyen Sule Tankarkar ba shi da takarda. Abin da ya sani yana cikin kafaɗunsa da ƙafafunsa, kuma waɗanda suka yi tashe kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 duk sun manyanta. Neman su ba wuya. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, mutanen ƙauyukan masarautar da na tsallaken iyaka duk suna hallara a cikinta, kuma shela ɗaya ta bakin sarkin kasuwa, tare da takarda daga fada zuwa ga hakimai huɗu ko biyar, ta isa ta fito da sunayensu kafin a gama sussukar geron bana.